Na ci abincinsu kyauta, yanzu sun ce in cire abin da na faɗa

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Abubuwa uku ne suka taru mini a mako guda, ina neman shawararku. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina ɗaukar bidiyon ƙananan gidajen abinci ina sakawa a YouTube da TikTok. Kwanaki wani gidan abinci ya gayyace ni, suka cika mini tebur, da na tashi biya suka ce Allah ya kiyaye su karɓi kuɗina. A bidiyon na yabi abin yabawa, amma na faɗi cewa naman ya bushe, kuma na yi minti 40 a zaune kafin faranti na farko ya iso. Washegari mai wurin ya kira ni ransa a ɓace, wai sun karrama ni na tozarta su, lallai in cire wannan ɓangaren. Na biyu, na kwana uku a wani bikin waƙe-waƙe ina ɗauka, na yi mako ina tacewa, ina sakawa YouTube ya toshe bidiyon saboda haƙƙin mallaka. Na uku, wata ƙaramar masana'antar giya ta turo mini saƙo tana so in yi mata bidiyon yadda suke aiki. Gaskiya na farkon ya fi damuna, don mutumin dattijo ne kuma ya mutunta ni.

Tsohon Ɗan Jarida:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai amsa mini tambaya ɗaya. Ka gaya wa masu kallo cewa kyauta aka ba ka abincin?

Mai Kyamara:
A'a Baba, ban faɗa ba. Ban ga kamar ya zama dole ba tunda ba kuɗi suka ba ni ba.

Tsohon Ɗan Jarida:
To a nan kuskuren ya fara, tun kafin maganar nama. Mutum biyu ne suka amince da kai, kuma kowannensu abu dabam ya fahimta. Mai wurin ya ɗauka talla ya saya da abincinsa. Mai kallo ya ɗauka kai baƙo ne kamarsa, ka shiga ka biya ka fito ka faɗi abin da ka gani. Ba ka yi wa ko ɗaya daga cikinsu ƙarya da baki ba, amma shirun da ka yi ya bar kowa da zatonsa. In baki ya ci, ido kan ji kunya, shi ya sa masu wannan sana'a tun da can suke gudun kyauta. Kamfanin Michelin na Faransa ya fara buga littafinsa na jagorar matafiya a 1900, ya fara ba gidajen abinci tauraro a matsayin lambar yabo a 1926, kuma har yau masu ɗanɗana masa abinci ba sa bayyana kansu, suna ci su biya kamar kowa. Ba don rowar yabo ba ne. Ranar da aka gane ka, kuku zai zaɓo maka mafi kyawun yanka, mai kawo abinci zai bar tebur uku ya tsaya a kanka, sai ka koma gida da labarin wurin da babu wanda zai same shi haka in ya je.

Kuma wannan ya wuce ladabi kawai. A Amurka hukumar FTC mai kare masu saye ta wajabta wa duk mai yabon kaya a intanet ya bayyana alaƙarsa da mai kayan, ko da abin da ya karɓa kyauta ce ba kuɗi ba. Faransa ta yi doka ta musamman kan masu tallan kafofin sada zumunta a 2023. YouTube kansa yana da wurin da za ka danna lokacin sakawa don ya nuna wa mai kallo akwai talla a ciki.

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ku bar ni in yi magana daga ɗaya ɓangaren, don shekara 14 ina wannan sana'a. Ku masu kyamara kuna zuwa sau ɗaya, ku yi awa biyu, ku tafi. Bidiyon kuwa yana nan har abada. Akwai ranar da babbar kukuna ta kwanta rashin lafiya, firji ɗaya ya lalace da asuba, yarinyar da ke karɓar oda sabuwa ce kwananta huɗu. A ranar wani yaro ya shigo da waya a hannu, bai yi mini sallama a matsayin mai ɗauka ba, ya ɗauki teburin da ba a riga an share ba ya zuƙo shi sosai. Shekara biyu ke nan, har yanzu in an rubuta sunan wurina wannan teburin ne ke fara fitowa. Mutum 9 ke cin abinci a ƙarƙashina. Ban ce a yi mini ƙarya ba, wallahi ba na so. Amma rana ɗaya ba ita ce gidan abinci ba.

Kai kuma ƙanena, dattijon nan bai kyauta ba da ya ce ka cire. Sai dai na san abin da ya ji a ransa. Da ka kira shi kafin ka saka, ka ce Baba ga abin da na gani, me ya faru ranar, da wataƙila ya ba ka amsar da za ka sa a bidiyon, mai kallo ya ji daga bakin kowa.

Maman Tagwaye:
Ni ba na ɗaukar komai, mai kallo ce kawai, kuma saboda irinmu kuke yi. Hajiya, na tausaya miki, amma ki duba namu. Sau nawa na kwashi yara muka je wuri saboda wani ya rufe ido a bidiyo yana girgiza kai wai bai taɓa cin irinsa ba, muka je muka tarar da abin da ba shi ba? Yanzu da na ga mutum bai taɓa kushe komai ba a bidiyo 50, na daina kallonsa. Wanda ya ce mini abu kaza ya yi daɗi, abu kaza kuma bai yi ba, shi nake yarda da yabonsa. Mai Kyamara, maganar minti 40 ɗin nan ita ce ta fi mini amfani a duk bidiyon, don mai ƙananan yara ta san abin da minti 40 yake nufi a kan tebur. Kada ka cire.

Ɗalibar Fim:
Akwai wani Ba'amurke, Keith Lee, da ya shahara a TikTok da ɗanɗana abincin ƙananan wurare. Sau da yawa danginsa yake turawa su sayo, shi ya ci a cikin mota, don kada a gane shi a canza masa hidima. Wurare da dama da suke gab da rufewa sun cika da layi bayan ya yabe su, kuma dalilin da yabon nasa ke da wannan nauyin shi ne mutane sun ga yana faɗin abin da bai yi masa ba. Wato Anti Hajiya, gaskiyar da ke yi muku zafi ita ce kuma ke sa yabon ya kawo muku mutane.

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Na yarda, 'yata. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A zo sau biyu kafin a yanke hukunci, kuma a kushe abinci, kada a kushe mutum. Ka ce nama ya bushe, wannan haƙƙinka ne. Amma kada ka sa fuskar yarinyar da ta kawo shi, ita ba ita ta dafa ba, kuma gobe ita za a nuna a hanya.

Tsohon Ɗan Jarida:
Wannan sharaɗi na Hajiya ya fi duk abin da na faɗa. Ɗana, aiki iri biyu ne a gabanka, ka raba su tun daga ƙofa. Akwai bidiyon da mai wuri ya ɗauke ka ka yi masa. Wannan talla ce, ka rubuta yarjejeniya, ka karɓi ladanka, ka rubuta a fuskar bidiyon cewa talla ce, kuma yana da iko ya ce a gyara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai kuma bidiyon ra'ayinka. Wannan kai za ka biya, ba wanda zai gani kafin ya fita, ba wanda zai sa ka cire. Dukansu halal ɗin sana'a ne. Haɗa su a faranti ɗaya ne ke jawo abin da ya same ka.

Mai Kyamara:
Na gane Baba. To amma wannan da ya riga ya fita fa?

Tsohon Ɗan Jarida:
Ka je da ƙafarka, ba ta waya ba. Ka ba shi haƙuri a kan rashin fayyace magana tun farko, ka biya kuɗin abin da ka ci ko da zai ƙi karɓa sau uku, ka rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa gayyatarka aka yi. Maganar naman kuwa ta zauna. In ya yarda ka koma wata rana ka sake ci, ka faɗi abin da ka tarar.

Injiniyan Sauti:
Tunda an daidaita wannan bari in taɓa maganar bikin, don nan ne fagena. Abokina, toshewa aka yi ko gargaɗi aka ba ka? Ba ɗaya ba ne. YouTube yana da na'urar da ake kira Content ID tun 2007. Masu waƙoƙi suna ba shi kayansu, duk bidiyon da aka saka sai ya gwada sautinsa da abin da ke rumbunsa. In ya samu daidaito, mai waƙar ne ke zaɓa: ya toshe, ko ya bar bidiyon kuɗin talla ya riƙa zuwa wurinsa, ko ya sa ido kawai. Wannan ba ya taɓa lafiyar tasharka. Gargaɗin haƙƙin mallaka shi ne mai haɗari, wanda ke zuwa in mai kaya ya nemi a sauke bidiyo a hukumance. Yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, in uku suka taru a kanka ana iya rufe tashar gaba ɗaya.

Mai Kyamara:
Toshewa ce, waƙoƙi huɗu suka nuna mini. Abin da ya ɗaure mini kai, ai ni na ɗauka da kyamarata, kuma da tikitina na shiga. Kuma ba wadda na bari ta wuce daƙiƙa 30.

Injiniyan Sauti:
Maganar daƙiƙa 30 ɗin nan ta cuci mutane da yawa. Babu wannan ƙa'ida ko'ina, na ga an kama daƙiƙa ƙasa da 10. Tikiti kuma izinin shiga ka saurara ne, ba izinin yaɗawa ba. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta: na wanda ya tsara kalmomi da karin, da na wanda ya mallaki faifan da aka naɗa. Ko mawaƙi yana rerawa kai tsaye a dandamali, haƙƙi na farko yana nan daram. In kuma mai saka faifai ne ke kunna waƙoƙi tsakanin mawaƙi da mawaƙi, to duka biyun ka taka. Manyan bukukuwa ma sayar da izinin nunawa suke yi. Glastonbury na Ingila BBC ce ke nuna shi tun 1997, Coachella na Amurka kuma YouTube ya fara nuna shi kai tsaye a 2011. Wanda ya biya wannan kuɗin ba zai zuba ido kowa ya saka nasa ba.

Gyaran yanzu mai sauƙi ne. Ka shiga YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke sarrafa bidiyonsa, zai ba ka zaɓin yanke wurin, ko kashe sautin waƙar, ko musanya ta da wata daga rumbunsu na kyauta. Kada ka shigar da ƙorafi sai in kana da takardar izini a hannu. In ka shigar masu waƙar suna da kwana 30 su amsa, kuma in ka matsa ba da hujja ba, abin da yake toshewa kawai zai iya komawa gargaɗi. Nan gaba kuma ka fara saka bidiyo a ɓoye, ka bar na'urar ta gama bincikenta, sannan ka buɗe wa jama'a.

Wani abu da ya haɗa wannan da gidan abinci: rediyon da ke kunne a bango. Mutane da yawa sun rasa kuɗin bidiyon abinci saboda wata waƙa da ke tashi can ƙasa-ƙasa a bayan maganarsu. Ka roƙa a kashe na minti 20. In ka ɗora waƙa daga baya a bidiyon talla, ka sani TikTok ya ware rumbun waƙoƙin da aka yarda a yi kasuwanci da su, ba kowace waƙa mai tashe ba ce ta halatta ga talla.

Ɗalibar Fim:
Yaya Injiniya, in an cire waƙar me ya rage a bidiyon bikin waƙa?

Injiniyan Sauti:
Kusan komai, ƙanwata. Mawaƙin da ke kan dandamali kyamara 10 ne a kansa, da na'urorin da ba za ki taɓa kamo su ba. Abin da ba wanda ke ɗauka shi ne bikin kansa. Na taɓa tsayawa da asuba ina kallon masu ɗaura lasifika, mutum shida suna jan sarƙa, ɗaya a sama yana ba da umarni da hannu don muryarsa ta dushe tun jiya. Ga mai ganga a bayan dandamali yana ɗumama fatar gangarsa yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana kasa kunne. Ga masu shara da ke shigowa bayan kowa ya watse. Ki ɗauki waɗannan, ki yi hira da su, ki nemi ƙananan mawaƙan da ke hawa da rana tsaka lokacin fili babu kowa. Su ne za su ba ki izinin waƙarsu a rubuce da murna, in dai ba su riga sun miƙa ta ga wani kamfani ba, don haka ki tambaya.

Tunda na fara, bari in ƙarasa da abin da ya fi ci mini rai. Makirufon waya ba zai iya da ƙarar gaban lasifika ba, sauti zai fashe ya koma kamar ana yaga takarda, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa a kwamfuta. Ki ja baya zuwa wajen rumfar masu miksa, nan ne sauti ya fi daidaita don daga nan suke aunawa. Ki rage ƙarfin naɗar har allurar da ke nuna ƙarfin sauti a na'urar ta riƙa tsayawa wajen -12. Akwai ƙananan na'urorin naɗa na yanzu irin Zoom F3 masu tsarin 32-bit da ke jure ƙara sosai. Sannan kunnenki. Da desibel ake auna ƙara. Ƙarar desibel 85 ana iya jure ta awa 8, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a desibel 100 minti 15 ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙarar wuraren nishaɗi ya wuce 100. Ni kunnena na hagu yana ƙugi dare da rana shekara 7 ke nan, saboda ƙuruciya ta sa na raina abin toshe kunne. Don Allah ku saya ku sa.

Shugaban Zaure:
Allah ya ba ka lafiya Injiniya. In ƙara biyu daga abin da na gani: hasken leza na dandamali yana ƙona idon kyamara na ciki, ya bar layi a hoto har abada, kada ku fuskance shi. Kuma bukukuwa da yawa ba sa barin kyamarar da ake cire wa gilashi ta shiga sai da katin 'yan jarida, wanda ake nema makonni kafin ranar. In an ba ka, al'adar gaban dandamali ita ce waƙa uku na farko, ba filasha, sannan ka fita. Saura tambaya ta uku. Ina roƙo a yi ta da mutunta juna.

Maman Tagwaye:
Ni a ganina wannan ba ta buƙatar dogon zance. Bidiyon da masana'antar giya ta biya ka yi mata tallan giya ne, ko da tankuna kawai ka nuna. In addininka ya hana ka sha, ya hana ka tallata. Ka ba su haƙuri.

Mai Ɗaukar Masana'antu:
Maman Tagwaye, ga wanda imaninsa ya hana shi, maganarki ita ce ƙarshe, kuma ba wanda ya isa ya ce ya yi ƙauyanci don ya ƙi. Na sha mayar da aiki saboda zuciyata ba ta kwanta ba, ban taɓa nadama ba. Amma zauren nan akwai mabiya addinai daban-daban, kuma akwai wanda aikin jarida zai kai shi irin wurin ba talla ba, misali rahoto kan ruwan da masana'anta ke sha ko dattin da take zubarwa. Saboda su zan faɗi abin da na sani, don na ɗauki masana'antun abin sha iri-iri, har da masu yin na sha'ir marar sa maye, kuma rabin farko na aikin kusan ɗaya ne.

Ana jiƙa niƙaƙƙen sha'ir a ruwa mai zafin kusan digiri 65 don sitacinsa ya koma sukari, a tace, a tafasa kamar awa guda da wani fure mai ɗaci, a huce, a zuba yis a rufe a tanki. Daga nan babu abin gani, kwanaki ko makonni tankin yana tsaye shiru. Don haka duk motsin da kyamara ke so yana ranar dahuwa, in ka je wata rana tankuna kawai za ka ɗauko. Haɗarin kuma na gaske ne. Yis yana fitar da iskar kabon, ba ta da launi, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasa da cikin tanki, kuma ta kashe ma'aikata a masana'antu. Kada ka sunkuya ka leƙa tanki don neman hoto mai kyau, kada ka sauka ɗakin ƙasa ba tare da ma'aikacin wurin ba. Daɓen kullum a jiƙe yake, ga tiyo mai ɗauke da tafasasshen ruwa ko sinadarin wanki. Tankunan kuma ƙarfe ne mai sheƙi kamar madubi, za ka ga kanka da fitilarka a kowane hoto. Baƙaƙen kaya nake sawa, in haska bango ko rufi hasken ya dawo a tausashe.

Ta fuskar doka, tallan giya yana da takunkumi a ƙasashe da yawa. Faransa ta taƙaita shi sosai tun dokar 1991, wasu ƙasashen sun hana gaba ɗaya, kafofin sada zumunta kuma suna da sharuɗɗansu kan shekarun mai kallo. Wanda zai karɓi irin aikin ya karanta dokar inda yake kafin ya sa hannu.

Mai Kyamara:
Na gode Yaya. Gaskiya tun da saƙon ya shigo raina bai kwanta ba, kuɗin ne kawai ya sa na tsaya tunani, don har yanzu tashata ba ta kai ga samun kuɗin talla ba. Ina da mabiya sama da 1,000 amma awa 4,000 na kallo a shekara da YouTube ke nema ban cika ba. Zan ba su haƙuri.

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Allah ya musanya maka da mafi alheri. Kuma in kuɗi kake nema, ga mu nan. Mu masu gidajen abinci muna buƙatar bidiyo, mun gaji da masu zuwa su ɗauki fuskarsu suna tauna. Ba wanda ya taɓa tambayata ya shiga kicin da ƙarfe 6 na safe. A lokacin ne ake aikin. Akwai matar da ke yanka mini albasa shekara 11, ba ta kallon wuƙar, tana hira tana yi, kowane yanki kamar an auna. In mai ya yi zafi ba ta taɓawa, da ƙararsa take ganewa. Wannan nake so mutane su gani, su san abin da ke cikin farantin da aka ajiye musu.

Ɗalibar Fim:
Anti, wannan shi ne fim ɗin. Mai Kyamara, in ka samu shiga kicin ga abin da aka koya mana kuma na gwada. Ka nemi tebur kusa da taga, ka sa hasken ya fito daga gefe ko daga bayan farantin, a nan ne tururi ke fitowa a hoto. Hasken gaba yana kashe shi. Kada ka haɗa hasken taga da ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa, na rana wajen 5600 yake a ma'aunin Kelvin, na ƙwan wajen 3000, in suka haɗu rabin faranti zai yi shuɗi rabi ja. Ka zaɓi ɗaya ka kulle launin da hannu. In ka ga layuka suna gudu a hoto, wutar lantarki ce: inda take bugawa sau 50 a daƙiƙa ka ɗauki hoto 25 a daƙiƙa da saurin ƙiftawar idon kyamara 1/50, inda take 60 ka koma 30 da 1/60. Abinci kuma minti biyu ko uku yake da su kafin ya dushe, don haka ka gama saita komai da faranti marar komai, sannan a kawo na gasken. Ka rufe kanka, ka wanke hannu, ka tsaya inda kuku ta nuna maka, in ta ce matsa ka matsa ko kana tsakiyar ɗauka.

Injiniyan Sauti:
Kuma ka kai makirufo kusa da kaskon, ba kyamara kaɗai ba. Ƙarar wuƙa a kan katako da ƙarar mai su ne rabin yunwar da mai kallo zai ji. Fankar zuƙe hayaƙi ce babbar abokiyar gabarka, ka roƙa a kashe ta na daƙiƙa 30 ka naɗi sautin shi kaɗai, ka ɗora daga baya. Hira kuwa ka fitar da kuku waje ku yi.

Tsohon Ɗan Jarida:
Ka tambayi matar mai albasa da kanta ko tana so a nuna ta. Izinin Hajiya na kicin ne, fuskar kuwa tata ce. In ta ce hannu kawai, hannu kawai. Haka masu cin abinci a teburin gefe, musamman yara.

Mai Kyamara:
Jama'a na dawo da labari. Jiya na je wurin dattijon. Da farko ko kallona bai yi ba, na zauna har ya gama sallamar mutane. Na ba shi haƙuri a kan abin da ya kamata in fayyace tun farko, na ajiye kuɗin a kan teburinsa, ya turo mini, na sake turawa, a na uku ya bari. Na gaya masa ba zan cire maganar naman ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ranar mai gasa masa nama ya tafi jana'iza, ɗansa ne ya tsaya a wurin. Na ce zan rubuta haka a ƙarƙashin bidiyon in ya yarda, ya ce in rubuta. Bidiyon bikin kuma na yanke waƙoƙi uku, ta huɗun ta wani matashi ce da ya hau da rana, na same shi ya turo mini izini a rubuce, ya ce zai sa kamfanin da ke rarraba masa waƙoƙi ya janye toshewar. 

Hajiya Mai Gidan Abinci:
Madalla. Yaushe za ka koma ka sake ci?

Mai Kyamara:
Ban gaya masa ranar ba, Hajiya, kuma ƙanwata zan tura ta yi oda. Amma ya ce in ina so in ga mai gashin yana aiki, in zo ranar Alhamis kafin ƙarfe 7, lokacin da yake hura wuta. Injiniya, makirufo ɗaya gare ni, na maƙalawa a riga. In sa wa mai gashin, ko in ajiye shi kusa da wutar?

Injiniyan Sauti:
Ka fara ajiye shi kusa da wutar minti 5, nesa da inda zafi zai narka shi, ka naɗi ƙarar garwashin da ta kitsen da ke ɗiga. Sannan ka maƙala masa a ƙirji, tazarar tafin hannu daga haɓarsa, ka sa masa soson nan na tare iska don zai riƙa fifita. Ka tafi da abin sauraro na kunne, ka saurara kafin ka bar wurin.